Tarihin Abu Ali Ibn Sina, Likitan Da Ya Bi Diddigin Zafin Ciwo

 

A wannan mako za mu kawo tarihin wani malami daga cikin malaman Musulmi na da, wanda sunansa ya fi yawo a bakin likitoci da masana falsafa bisa ga yadda yake yawo a zaurukan karatunmu. Shi ne Abu Ali Husaini ɗan Abdullahi ɗan Sina, wanda aka yi wa laƙabi da Shaihur Ra'is, Turawa kuma suka lanƙwasa sunan suka mai da shi Abisena. Fannonin da ya yi rubutu a kansu suna da yawa ƙwarai, ba za su shiga wannan fili ba. Saboda haka za mu bi rayuwarsa ne ta kan mas'ala ɗaya wadda ta shafi kowa, mai mulki da talaka, watau zafin ciwo: mene ne shi, a ina ake jin sa, kuma me ya sa rauni iri ɗaya yake sa wani kururuwa alhali wani ko gezau.

Duk wanda ya taɓa raka majinyaci asibiti, ko Barau Dikko ne ko wani ƙaramin ɗakin shan magani a Kawo ko Unguwar Shanu, ya san likita ba ya gamsuwa da a ce masa ciki na ciwo. Sai ya tambaya murɗa yake yi ko suka, zugi ne ko raɗaɗi, yana tsaye wuri ɗaya ko kuwa yana yawo. Wannan tambaya ta girmi asibitocin da muka sani da shekaru aru-aru, kuma Ibn Sina yana cikin waɗanda suka fi kowa tsara ta.

Galibin masu tarihi suna ajiye haihuwarsa a shekara ta 370 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 980 Miladiyya, a wani ƙauye mai suna Afshana kusa da birnin Bukhara, cikin ƙasar da ake kira Uzbekistan a yau. Wannan Bukhara ita ce garin Imamu Bukhari mai Sahihi, wanda ya rasu shekara ɗari da 'yan kai kafin haihuwar Ibn Sina. Mahaifinsa mutumin Balkh ne, ma'aikacin sarakunan Samaniyawa, ya kuwa ba da ƙarfi wajen karatun 'ya'yansa. Yaron ya haddace Alƙur'ani yana ɗan shekara 10. Ya koyi lissafin Hindu a wurin wani mai sayar da kayan miya, ya karanta fiƙihun Hanafiyya a wurin Isma'ila Zahid, sa'an nan aka saukar da wani malami mai suna Natili a gidansu don ya koya masa manɗiƙi da littafin Uƙlidis. Ba a daɗe ba almajiri ya shiga warware wa malami wuraren da suka shige masa duhu. Mahaifin nasa da ɗan'uwansa sun karkata ga da'awar Isma'iliyya, yakan ji suna tattauna ta a gida, amma shi ya ce zuciyarsa ba ta karɓa ba.

Mafi yawan abin da aka sani game da ƙuruciyarsa daga bakinsa ya fito, domin shi ya yi shiftar tarihin kansa ga almajirinsa Abu Ubaidu Juzjani, shi kuma ya ƙarasa sauran. Mai karanta wannan tarihi zai lura cewa tawali'u ba ya cikin halayen da Shaihun ya shahara da su. Ya ce likitanci ba ya cikin ilmomi masu wuya, ya kuma ce yana ɗan shekara 16 manyan likitoci suke zuwa ɗaukar karatu a wurinsa. Amma ya yarda akwai littafin da ya gagare shi, na Aristo kan abin da ke bayan ɗabi'a. Ya karanta shi sau 40 har ya haddace, bai fahimci inda ya dosa ba, sai ran da wani dillali a kasuwar littattafai ya matsa masa ya sayi wani ɗan littafin Farabi a kan dirhami 3. Da ya karanta sai ƙofa ta buɗe, washegari ya yi sadaka mai yawa don godiya ga Allah. Ya kuma ambata cewa duk lokacin da mas'ala ta cije masa, masallacin Juma'a yake nufa ya yi salla ya yi ta ƙanƙan da kai har a buɗe masa. A wannan wuri ɗin dai ya faɗi cewa in barci ya rinjaye shi da dare yakan kurɓi abin sha don ƙarfinsa ya dawo, masu tarihi da yawa kuma sun fahimci mai sa maye yake nufi. Mutumin ke nan kamar yadda ya bayyana kansa, da masallacinsa da kofinsa.

Ƙofar fada ta buɗe masa ne sa'ad da Sarkin Bukhara Nuhu ɗan Mansur ya kwanta ciwo, aka kira shi cikin likitocin da za su duba shi. Ladan da ya roƙa shi ne a bar shi ya shiga taskar littattafan sarki. Ya tarar da ɗakuna, kowane ɗaki da fanninsa, akwatunan littattafai a jibge kan juna, ya ga littattafan da bai taɓa jin sunansu ba, bai kuma sake ganinsu a ko'ina ba har ya mutu. Daga baya gobara ta cinye taskar. Mulkin Samaniyawa shi ma bai daɗe ba, domin a shekarar 999 Turkawa suka karɓe Bukhara, mahaifinsa kuma ya rasu yana da shekara 22. Daga nan yawo ya kama shi. Ya zauna a Gurganj ta ƙasar Khawarizm cikin shigar malaman fiƙihu, ya bi ta Nasa da Abiward da Ɗus, ya nufi Jurjan wajen Sarki Ƙabus mai son malamai, ya iske sojojinsa sun tuɓe shi har ya mutu a tsare. A Jurjan ɗin ne ya haɗu da Juzjani, a can kuma ya fara rubuta babban littafinsa na likitanci, Alƙanun fiɗ Ɗibbi, wanda bai kammala ba sai wajen shekarar 1025.

To, bari mu tsaya a kan wannan littafi, tun da a cikinsa zancen namu yake. Kafin Ibn Sina, maganar da likitoci suka riƙe ita ce ta Jalinus, likitan Yunanawa wanda ya rayu a ƙarni na 2 Miladiyya. A wurin Jalinus, asalin kowane zafi shi ne rabuwar abin da yake haɗe a jiki, kamar yanka ko karaya ko tsagewa. Ibn Sina ya yarda wannan sanadi ne, amma ya ce akwai na biyu wanda yake tsaye da ƙafarsa, shi ne yanayin gaɓa ya sauya farat ɗaya, ta yi zafi ko sanyi fiye da yadda ta saba, ko da babu abin da ya yage. Ya kuma bayyana zafin ciwo da cewa shi ne jin abin da ya saɓa wa jiki. A lura da kalmar ji a nan. Rauni abu ne da ke aukuwa ga tsoka ko ƙashi, zafi kuwa sai an sami mai ji, kuma sai abin ya zo masa a matsayin baƙo mai cutarwa.

Hujjar da ya kawo kowa zai iya gwada ta lokacin hunturu. Mutumin da ya fito daga sanyi ya zuba ruwan ɗumi a jiki, da farko sai ya zabura kamar an ƙona shi, jim kaɗan sai ya ji daɗinsa, in kuma ya daɗe a ɗaki mai zafi aka zuba masa wannan ruwan dai, sai ya ji shi da sanyi. Ruwan bai sauya ba, mai jin ne ya sauya. Haka kuma ya lura cewa mai zazzaɓin da ya daɗe ya zauna a jiki ba ya jin zafinsa kamar mai zazzaɓin da ke zuwa yana tafiya, ko da na farkon ya fi tsanani, saboda jiki ya riga ya mai da shi ɗan gida.

Sa'an nan ya karkasa zafin ciwo gida 15, alhali abin da aka gada daga Jalinus bai wuce 4 ba. Akwai mai ƙaiƙayi, da mai suka, da mai matsewa kamar an ɗaure, da mai ja kamar za a tsinke, da mai bugawa tare da bugun jini, da mai nauyi, da wanda ke zuwa da sagewar gaɓa, da na gajiya, da mai raɗaɗi kamar cizo. Akwai wanda ya kira mai huda, kamar ana murza abin huda a cikin hanji, ya ce irinsa ne na ciwon ƙulanji, watau murɗa da ƙullewar babban hanji. Akwai kuma wanda ya ba sunan misalla, babbar allurar ɗinkin buhu, wadda mu muka ara muka ce basilla. Kowane iri ya faɗi abin da ke haddasa shi, don likita ya ji siffar ciwo ya gane inda ɓarnar take. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba, shi da yake bambanta kai mai sara da kai mai nauyi. A shekarar 1975 wani masani a Jami'ar McGill ta Kanada, Ronald Melzack, ya fitar da takardar tambayoyi mai kalmomi 78 wadda ake ba majinyaci ya zaɓi siffar ciwonsa, masu binciken da suka gwama ta da jerin Ibn Sina kuwa sun tarar mafi yawan kalmominsa suna da takwarori a cikinta.

Saura tambayar a ina ake jin zafin. Aristo ya ce zuciya ce mazaunin ji, Jalinus ya ce ƙwaƙwalwa. Ibn Sina, da yake ɗan gidan biyu ne, sai ya yi sulhu: a matsayinsa na masanin falsafa ya bar wa zuciya asalin ƙarfin rai, amma a matsayinsa na likita ya tabbatar cewa aikin ji da motsi a ƙwaƙwalwa yake bayyana, ta hanyar jijiyoyin da ke fitowa daga gare ta da kuma daga laka. Bai tsaya nan ba. Ya ce bayan gani da ji da shaƙa da ɗanɗano da taɓawa, akwai wasu ma'aikata 5 a ɓoye cikin kogunan ƙwaƙwalwa. Na gaba yana tattara saƙonnin da suka shigo, na biye da shi yana adana surorinsu, wani yana harhaɗa su yana rarrabawa, wani yana ajiye ma'anoni. Wanda ya fi jan hankali shi ne wanda ya kira wahami, mai gane ma'anar da ido ba ya gani. Misalinsa shi ne tunkiya in ta ga kyarkeci: ido launi da siffa kawai ya gani, amma akwai abin da ya gaya mata wannan maƙiyi ne. Ya kuma kawo misalin mutumin da ke tafiya kan gungume a ƙasa ba tare da wata damuwa ba, amma in aka gitta gungumen kan rami mai zurfi sai tunanin faɗuwa ya kayar da shi.

A kan wurin da ya ajiye waɗannan ma'aikata, ilmin yau ya saɓa masa. Kogunan nan ruwa ne a cikinsu, aikin kuwa a naman ƙwaƙwalwa ake yin sa. Amma tsarin da ya hango, cewa saƙo yana shigowa sa'an nan a fassara shi, ya tsaya. Abin da aka tabbatar shi ne a fata da tsoka da gaɓoɓi akwai bakunan jijiyoyi masu sansano cutarwa, waɗanda masanin Ingila Charles Sherrington ya raɗa wa suna a 1906. Saƙonsu yana tafiya ta zare iri biyu, mai sauri wanda kan yi mita 5 zuwa 30 a daƙiƙa, da mai nawa wanda ba ya wuce mita 2. Shi ya sa in mutum ya yi tuntuɓe yakan ji suka nan take, sa'an nan zugi ya biyo baya. Saƙon yana shiga laka, ya hau zuwa wata mahaɗa a tsakiyar ƙwaƙwalwa da ake kira talamas, daga nan ya rarrabu. Wani sashe yana faɗin wurin da abin yake da ƙarfinsa, wasu sassan kuma su ne ke sa shi ya zama abin ƙi. Akwai majinyatan da wannan sashe na biyu ya taɓu a kansu, in an soke su sun san an soke su, amma abin ba ya damunsu. Ita kanta ƙwaƙwalwa ba ta da waɗancan bakunan jijiyoyi, har akan yi wa mutum aiki a cikinta idonsa biyu yana magana. Wanda aka yanke wa ƙafa kuma yakan yi kukan zugi a yatsan da aka riga aka binne. A 1997 David Julius da abokan aikinsa a Amurka suka gano cewa ƙofar da yajin barkono ke buɗewa a jijiya ita ce dai wadda zafin wuta ke buɗewa, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 2021 tare da Ardem Patapoutian. Ga zafi ba tare da yanka ba, kamar yadda Ibn Sina ya yi wa Jalinus gardama.

Wajen magani ma maganarsa tana da nauyi. Ya ce hanyoyin kwantar da zafi uku ne: a kawar da sanadin, ko a sa majinyaci barci, ko a kashe jin gaɓar. Ta farko ita ce magani na gaskiya. Ya gargaɗi likita ya fara duba ƙananan abubuwa, domin sau da yawa sanadin bai wuce mugun matashi ko mummunar kwanciya ba. A cikin masu kashe ji ya ce afyun ne mafi ƙarfi, ya lissafa tsiron da Larabawa ke kira banj, wanda dangin zaƙami ne, da ƙanƙara da ruwan sanyi. Amma ya ce kada likita ya yi gaggawar kai hannu gare su, sai ya auna wanne ya fi haɗari, barin zafin ko kashe jin, domin akwai zafin da ke iya kisa don tsananinsa, akwai kuma sa'ad da kashe ji yake ɓoye cuta tana ci. Wanda ya ga yadda kuturta ke cinye yatsu saboda mai ita ba ya jin ƙuna ko ƙaya, ya san zafi mai gadi ne. Wannan awo na Ibn Sina bai tsufa ba. A watan Mayun 2018 gwamnatin Nijeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin saboda yadda matasa suka mai da shi abin maye, tiramol kuma kowa ya ga ɓarnarsa a unguwanni. A ɗaya gefen, morfin, wanda aka tace daga afyun tun farkon ƙarni na 19, ya daɗe yana ƙaranci a asibitocin ƙasashen Afirka da yawa, inda masu ciwon daji da 'yan sikila suke buƙatarsa da gaske.

A ƙarshen wannan babi ya ƙara wasu abubuwa da mai karatu ba zai zata ba. Ya ce tafiya a hankali mai tsawo tana rage zafi, haka murya mai daɗi musamman in ta kawo barci, kuma shagaltuwa da abin da ke faranta rai magani ne mai ƙarfi. Masu tafsiri sun daɗe da lura da irin wannan a ƙissar matan Masar cikin Suratu Yusuf, waɗanda suka yanyanke hannayensu hankalinsu yana wani wuri. An kuma ruwaito cewa Urwatu ɗan Zubairu, ɗaya daga cikin fuƙaha'u bakwai na Madina, da za a yanke masa ƙafa a Dimashƙa ya ƙi shan abin da zai gusar masa da hankali, ya shagalta da ambaton Allah har aka gama. Likitan sojan Amurka Henry Beecher ya buga a 1946 cewa cikin sojoji 215 da suka sami munanan raunuka a Yaƙin Duniya na Biyu, kusan kashi uku cikin huɗu ba su ji zafin da zai sa su nemi magani ba. A 1965 Melzack da Patrick Wall suka yi bayanin cewa a laka akwai abin da ke aiki kamar ƙofa, shafa wurin ciwo yana iya tura ta, saƙo daga ƙwaƙwalwa ma yana iya saukowa ya tura ta ko ya wangale ta. A 1975 kuma aka gano a Aberdeen ta Sikotland cewa jiki yana haɗa nasa sinadarin mai aiki irin na afyun. Tsoro da kaɗaici suna ƙara zafi, natsuwa tana rage shi. Saboda haka gaida mara lafiya da kwantar masa da hankali yana da aiki a jikinsa, bayan ladan da ke ciki. Sai dai kada a juya wannan a ce wanda ya yi nishi imaninsa ne ya yi rauni. Halittar jijiyoyi ta bambanta, kuma ba kowa ne Urwatu ba.

Mu koma ga Shaihun. Daga Jurjan ya tafi Rayyi, kusa da Tehran ta yau, ya yi wa Sarki Majdud Daula maganin ciwon baƙin ciki da ya kama shi. Daga nan sai Hamadan, inda Sarki Shamsud Daula yake fama da ƙulanji. Ya yi kwana 40 a fada yana jinyarsa har ya warke, ba a jima ba aka naɗa shi waziri. Sarautar ba ta yi masa daɗi ba. Sojoji suka yi masa bore, suka washe gidansa, suka nemi sarki ya kashe shi. Sarki ya ƙi, ya dai tuɓe shi, shi kuma ya ɓuya a gidan wani mutum kwana 40. Sai ciwon sarki ya tashi, aka nemo shi, aka ba shi haƙuri, aka mai da shi kan kujerarsa. Da rana yana aikin mulki, da dare almajirai su taru a gidansa ana karanta Alƙanun da Asshifa, babban littafinsa na falsafa. Bayan rasuwar sarkin a 1021 ya ƙi karɓar wazirci a hannun ɗansa, ya ɓuya a gidan wani mai sayar da magunguna, inda Juzjani ya ce yakan rubuta warƙa 50 a rana ba tare da littafi a gabansa ba. Aka gane yana wasiƙa da Sarkin Isfahan, aka kama shi aka tsare a ganuwar Fardajan wata 4. Cikin abin da ya rubuta a wannan kurkuku har da risala a kan ƙulanji.

Daga baya ya sulale daga Hamadan cikin shigar sufaye, shi da ƙanensa da Juzjani da bayi biyu, suka isa Isfahan wajen shekarar 1024. Sarki Ala'ud Daula ya karɓe shi hannu biyu, ya sa ana taron malamai a gabansa kowane daren Juma'a. Nan ne ya sami mafi natsuwar rayuwarsa, ko da yake a wani hari na rundunar Gaznawa an washe kayansa, wani babban littafinsa mai suna Al'insaf ya salwanta. Juzjani ya ba da labarin wata rana da ciwon kai ya kama shi, ya ji tsoron kumburi zai sauka a lulluɓin ƙwaƙwalwarsa, sai ya sa aka daka ƙanƙara aka ƙunshe a tsumma aka rufe masa kai da ita har ya sami sauƙi.

Ba zai yiwu a yi tarihinsa a fili irin wannan a tsallake maganar aƙidarsa ba. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, ya rubuta Tahafutul Falasifa yana raddi ga Farabi da Ibn Sina a mas'aloli 20, ya kafirta masu falsafa a 3 daga ciki: cewa duniya ba ta da farko, da cewa Allah yana sanin abubuwa a dunƙule ne ban da ɗaiɗaikunsu, da musun tashin jikkuna ranar ƙiyama. Ta ukun nan ta koma kan zancen zafi. Ibn Sina ya ambata a Asshifa cewa tashin jiki abu ne da ake karɓa daga shari'a, amma ƙarfin bayaninsa ya tafi ne ga ni'ima da azabar rai, a wata risala kuma ya karkata ga yin tawili. Ya kwatanta ran mai saɓo a duniya da gaɓar da ta sage, wuta na cin ta ba ta ji, sai ran da sagewar ta gushe. Kwatancin yana da ban tsoro, amma malaman Sunna sun tsaya a kan cewa sakamako ya haɗa jiki da rai, kamar yadda nassosi suka zo a fili, kuma a kan wannan muke. Shi Gazalin dai bai ce a jefar da likitanci ba, a Ihya ma ya sa shi cikin farillan kifaya. Fakhruddin Razi mai tafsiri ya yi sharhi a kan wani sashe na Alƙanun, Ibn Nafis na Misira wanda ya rasu a 1288 ya yi nasa, har ya gyara wa Ibn Sina kuskure game da yadda jini ke bi ta huhu.

Littafin ya yi tafiyar da mai shi bai yi ba. Gerard na Kiremona ya juya shi zuwa Latin a Toledo ta Andalus a ƙarni na 12, aka yi ta karantar da shi a jami'o'in Turai, a wasunsu har wajen 1650. An buga shi da Larabci a Rum a 1593. Sunan mai shi ya iso ƙasarmu ma, domin cikin littattafan Larabci da Baturen nan Kilafaton ya kawo wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato a 1826 akwai Uƙlidis da wani littafi na Ibn Sina. Shi Bello kuwa da ma mai sha'awar fannin ne, ya yi rubutu kan ciwon ido da basir da magungunan da aka ruwaito daga Annabi. Mai son bin sawun irin waɗannan rubuce-rubuce na malamanmu, ga Gidan Arewa nan a titin Rabah, tsohon gidan Sardauna, wanda aka mai da cibiyar adana tarihi a 1970.

Ciwon da ya yi wa sarakuna magani, ya kuma rubuta risala a kansa, shi ne ya zo masa. Yana tare da Ala'ud Daula a wani fitar yaƙi sai ƙulanji ya kama shi. Don tsoron kada a ja da baya a bar shi, ya yi wa kansa ɗurin magani ta dubura sau 8 a rana ɗaya, har hanjinsa ya yi gyambo, farfaɗiya kuma ta biyo baya. Likitan da ya gargaɗi wasu kan gaggawa shi ne ya yi ta a kan kansa. Wata rana ya ce a sa daniƙi 2 na irin wani tsiro mai suna karafs a cikin maganin, daniƙi kuwa sudusin dirhami ne, sai likitan da ke haɗawa ya zuba dirhami 5, ninki 15 ke nan. Juzjani bai yanke hukunci ko ganganci ne ko kuskure ba. Sa'an nan wani bawansa ya tuttula afyun mai yawa a cikin maganin farfaɗiyar da yake sha, domin bayin sun ci amanar dukiyarsa suna tsoron ya warke ya bincika. Aka ɗauke shi zuwa Isfahan ba ya iya tsayuwa, ya yi ta jinyar kansa har ya fara halartar fada, amma bai kiyaye abin da ya kamata mai jinya ya kiyaye ba, ciwon yana tafiya yana dawowa.

Da sarki ya tashi tafiya Hamadan ya bi shi, ciwon ya tashi a hanya. Suna isa ya gane ƙarfinsa ya ƙare, ya bar shan magani, ya gaya wa na kusa da shi cewa abin da ke tafiyar da jikinsa ya gaza, jinya ba ta da sauran amfani. Ibn Khallikan ya kawo cewa ya yi wanka ya tuba, ya yi sadaka da abin da ya mallaka, ya mayar da haƙƙoƙin da ya san masu su, ya 'yanta bayinsa, ya shiga sauke Alƙur'ani kowane kwana 3. Ya rasu ranar wata Juma'a cikin Ramadan na shekara ta 428 bayan Hijira, watau 1037, yana da shekara 58 a lissafin wata. A Hamadan aka binne shi, cikin ƙasar Iran ta yau, a farkon shekarun 1950 kuma aka gina doguwar hasumiya a kan kabarin, tare da ɗakin karatu a gefensa.